Ranar da Na Yi Bankwana da Duniya a Ɗaurin Auren Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Sahabi. Ko na so in manta ma, mutanen Bagudo ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har yau idan aka gan ni da goro a hannu sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Tela, a kawo maka lasifika?"

Ni tela ne. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, amma akwai fanni guda da ko masu digiri ba su kamo ƙafata ba, wato damuwa. Ni ne mai kulle shago, in isa gida, in sake dawowa in taɓa kwaɗon. Ni ne mai sake alwala don ban tabbata na shafi kunnen hagu ba. Matata Rabi takan ce da a ce ana sayen damuwa da mudu, da tuni mun yi gidan bene.

Tsoron ciwon zuciya kuwa daga wurin mahaifinmu na samo shi. A shekararsa ta ƙarshe ƙafafunsa sun kumbura, ko zuwa masallaci ya yi sai ya tsaya ya huta, yana dafe ƙirji yana cewa, "Zuciyag ga tana gudu." Da ya ga alamar tafiya ta zo, sai ya sa aka tara masa dangi da maƙwabta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya san ya yi musu, yana neman gafara. Har yau ana yabonsa da wannan. Tun ranar na ƙudurce a raina cewa ni ma in tawa ta zo, haka zan yi, ba zan tafi da nauyin kowa ba.

Ana nan sai wata rana ina ɗinki, na ji wani likita a rediyo yana bayani. Ya ce zuciyar baligi, in yana zaune yana hutawa, takan buga sau sittin zuwa ɗari a minti ɗaya, kuma in ta riƙa wuce haka, yana iya zama alamar ciwon zuciya. Ya fara cewa, "Sai dai akwai wasu dalilan da dama…" daidai nan wata mata ta shigo karɓar ɗinkinta da ban gama ba, na kashe rediyo don in ji da faɗanta. Saboda haka rabin karatun na samu, kuma rabin da ya fi ban tsoro. Daga ranar na koyi ɗora yatsu a wuyan hannu ina duban agogon waya. Safe da yamma nake ƙirgawa, in rubuta a littafin da nake rubuta awon mutane. (Akwai wani bawan Allah da na kusa yanka wa wando mai ƙugu saba'in da takwas. Allah ya taimake shi na sake dubawa.)

To, ga batun auren. Sahabi ya samu yarinya mai suna Hadiza a wani ƙauye da ke bayan Tsamiya, cikin ƙasar Benin. Mu a nan wannan ba wani abu ba ne, kasuwa ɗaya muke ci, rabin danginmu suna can. Wata takwas yana zuwa zance a kan wani jan babur sabo ƙal. Babur ɗin na taubashinmu Labbo ne, aro yake ba shi. Da iyayen yarinya suka aiko dattijo ya yi bincike, a shagona ya zauna. Ya tambayi sallar Sahabi, na yaba. Ya tambayi sana'a, na ce yana noman shinkafa a Ka'oje. Sai ya ce, "Wanga jan babur nashi ne?" Na dubi keken ɗinki, na dubi rufi, na ce, "E to… na gida ne." Ya gyaɗa kai ya tafi.

Wannan "na gida ne" ta hana ni sakat wata biyu. Ƙarya na yi ko ban yi ba? Labbo ɗan gida ne, gaskiya. Amma dattijon nan abin da ya fahimta daban. Kuma gonar Ka'ojen ma ban gaya masa ta gado ce mu biyu ba, balle in ce shekara biyu a jere ruwa yana cinye ta. Na kai wa Labbo kukana, ya ce, "Kai dai Tela, da kai aka ba aikin ƙirgar zunubi da mala'iku sun huta. Rufa muna baki a ɗaura aure." Sai ga shi, da yake ni ne babba a gidanmu, ni aka naɗa wakilin ango. Aikina jimla biyu ne kacal: in ce ina nema wa ƙanena auren Hadiza, in an ba ni in ce na karɓa. Mako guda ina bitarsu a gaban madubin shago.

Ranar Asabar muka yi asubanci. Rabi ta dama kunu, na ce ba zai shiga ba. Ga mura tana damuna, sai na haɗiye ƙwaya biyu na maganin mura da na saya a kemis, don kada hanci ya kunyata ni a gaban surukai. (Hanci dai bai kunyata ni ba. Wannan yabon na ba shi.) Muka haye gada, muka bi ta Ka'oje, muka wuce Tsamiya, wajen ƙarfe tara muna ƙauyen.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a dangin Hadiza wakilin ango ba ya zama wurin ɗaurin aure sai ya bi gidajen manya ya gaishe su. Kuma kowane zaure ka shiga, akwai ɗan kurfoti da gawayi, an ɗora butar ataya, shayin nan mai kauri da ake zubawa a ƙananan kofunan gilashi. Ƙa'idarsa kuma, in ka karɓi kofin farko, ba ka tashi sai ka sha na biyu da na uku. A gidan farko aka miƙa wa Labbo, ya dafe ciki ya ce, "Wallahi olsa gare ni, Baba." Labbo da na sani yana cin barkono kamar gyaɗa! Aka miƙo mini. Na ce a raina, ƙarya ɗaya ta ishe ni a auren nan, ba zan ƙara ta biyu ba. Na sha. Ɗaci kamar an dafa saiwa. Na sha na biyu, na sha na uku. Aka ba ni goro, na ga in na sa a aljihu kamar raini ne, na ɓare na tauna.

Gida na biyu haka. Gida na uku haka, har mai gidan yana yabona, "Wanga shi ne baƙon kirki, bai raina abin mutane." Jin haka na ƙara gyara zama. A gida na huɗu muka tarar da wani kawun amarya da ya daɗe a Kwatano, ya ce shi ba ya ba baƙo shayin ƙauye, ya haɗa mini baƙin kofi cikin babban kofin roba, ba madara. Na shanye tas, na yi godiya.

Wajen sha ɗaya aka taru a ƙofar masallaci, ƙarƙashin rumfa. Rana ta take. Ina sanye da babbar riga mai aiki da na ɗinka wa kaina, mai nauyin bargo. An kafa lasifika biyu, ɗaya tana duban fili, ɗaya an juya ta cikin gida don mata su ji. Aka zaunar da ni gaba, daura da liman, ina fuskantar mahaifin amarya, Alhaji Gado, dattijo mai farin gemu wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Liman ya fara huɗuba, sai na ji wani abu a ƙirjina kamar an saki keken ɗinki ba mai riƙe da shi. Na ce ko gangar maroƙa ce. Na saurara. Ba a fara kiɗa ba. Na zura hannu cikin hannun riga na kama jijiya, na ajiye waya a kan cinya. Na kai arba'in, maroƙi ya yi kururuwa, na ɓata. Na sake. Na kai sittin, na duba agogo, rabin minti bai cika ba. Na ce a'a, wayar ce ta lalace. Na sake na uku, a hankali, ina motsa leɓe. Ɗari da talatin da biyu.

Ban taɓa rubuta irin wannan lamba a littafina ba. Bakina ya bushe, gumi yana bin bayana, kunnuwana suna ƙara. Na taɓa ƙafata in ji ko ta kumbura, na ji kamar ta kumbura (takalmin ne sabo). Na tuna Baba yana cewa zuciyarsa tana gudu. Na matsa kusa da Labbo na raɗa masa, "Labbo, tafiya ta zo."

Ya ce, "Ina za ka? Ba a ko ɗaura ba."

"Lahira."

"To ka jira a raba goro."

Ban san ko minti nawa suka rage mini ba. Likitan rediyo bai faɗa ba, ko kuma ya faɗa bayan na kashe. Tunani biyu suka riƙa kokawa a kaina. In yi maza in karɓi auren kafin in faɗi? To in na karɓe shi a kan "na gida ne", na mutu, da wane baki zan yi bayani a kabari? Ina cikin wannan ruɗani na ji liman ya ce, "Wakilin ango, bismilla," ya miƙo mini makirfo.

Na karɓa da hannu biyu. Na buɗe baki don in faɗi jimlar da na yi mako ina bita. Abin da ya fito shi ne, "Jama'a, ku gafarce ni. Ni tawa ta ƙare."

Wani daga baya ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Zuciyata ɗari da talatin da biyu take yi. Ciwon da ya ɗauki mahaifinmu ne. Kafin in tafi, akwai haƙƙin mutane a kaina." Na hango wani ɗan garinmu cikin 'yan rakiya. "Malam Umaru, rigarka ta sallar bara da na ce keke ya lalace, keke lafiya lau yake, mantawa na yi. Ka yafe mini." Malam Umaru ya ce, "Na yafe," cikin muryar wanda bai san inda yake ba. Na ce duk wanda na taɓa yi wa ɗinki, ƙyallayen da suka ragu na haɗa na yi wa Rabi zanen gado, a yafe mini. Labbo yana jan gefen rigata, ina fizgewa.

Sannan na juya ga Alhaji Gado. "Baba Alhaji, jan babur ɗin da Sahabi yake zuwa da shi, ba nashi ba ne. Na Labbo ne, ga shi nan zaune. Sahabi keke gare shi, shi ma ba birki. Gonar Ka'oje kuma mu biyu ne, kuma shekara biyu ruwa yana cinye ta. Labbo ma ba shi da olsa."

Wallahi ban san abin da ya kawo olsar Labbo ciki ba. Na ga dai tunda ana shara, a share duka.

Na dubi inda Sahabi yake zaune cikin abokansa. Ya sa hula ya rufe fuska. Daga cikin gida aka ji salatin mata ya tashi gaba ɗaya. Kawun nan mai baƙin kofi ya miƙe tsaye ya ce, "To! In an ɓoye muna wagga, mi kuma aka ɓoye? Alhaji, a dakata da auren ga!" Nan fa hayaniya ta kaure, namu suna ba da haƙuri, nasu suna magana cikin yarensu na Dandanci da sauri, ba na jin ko kalma ɗaya. Sai a lokacin na gane cewa na iya rusa wa ƙanena aure. Amma na ce ai na kusa tafiya, shi zai samu wata. Na kwanta a kan tabarma ta ɓarin dama, na tambayi liman, "Malam, nan ne gabas?" Ya ce, "A'a, ka ba ta baya." Na juya. Na fara kalmar shahada.

Aka ruga cikin gida aka kira Goggo Saratu, ƙanwar Alhaji Gado, wadda ta shekara da shekaru tana aikin jinya a asibitin yankinsu. Ta fito da adon biki, ta ratsa maza ba ko sallama, ta durƙusa ta kama wuyan hannuna tana duban agogonta. Ta ja fatar idona ta leƙa. Ta danna ƙafata da yatsa.

"Ƙirji na yi maka ciwo? Kamar an ɗora dutse?"

"A'a, Goggo."

"Numfashi na sarƙewa?"

Na gwada. "Yana fita."

"Ka taɓa suma?"

"Yanzu nake shiri."

"Mi kac ci tun safe?"

"Ban ci komi ba."

"Mi kash sha?"

Na fara lissafi. Ataya uku a gidan farko. Uku a na biyu. Uku a na uku. Kofi babban kofi ɗaya. Goro uku, ko huɗu. Maganin mura ƙwaya biyu. Ruwa kuwa ko kurɓa ɗaya. Kowane na faɗa sai in ji jama'a sun ce "Kai!" kamar ana ƙirga ƙwallaye a filin wasa, ban gane dalili ba.

Ta saki hannuna ta ce, "Ɗan nan, ko jaki aka ɗura wa wanga haɗi a cikin wofi sai ya riga mota zuwa Tsamiya. Zuciyarka ba tsalle take ba, ba ta tsallake bugu, sauri kawai take, kuma kai ka kore ta. Shayi da kofi da goro duk abu guda ke cikinsu mai zaburar da zuciya, maganin mura ya ƙara mata bulala, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga zafi, ga tsoro. Zazzaɓi ma na sa haka, ƙarancin jini na sa haka. Ba duk gudun zuciya ne ciwon zuciya ba."

Na ce, "To Goggo, ba yau ba ne ke nan?"

"Wannan sai Allah. Amma ba da shayi ba. Yanzu mi kake ji?"

Na rage murya yadda ita kaɗai za ta ji, na ce, "Goggo, fitsari nake ji. Tun gida na uku nake riƙonsa."

Sai na ji muryata ta dawo mini daga bangon masallaci, ta kuma fita ta cikin gidan mata. Makirfon yana nan a kan tabarma, dab da bakina, a kunne. Tun daga kalmar shahada har lissafin kofuna, duk ƙauyen yana saurare.

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Liman ya sa rawani ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Labbo ya kwanta a ƙasa sosai. Alhaji Gado kuwa, ranar na fara ganin haƙoransa, kuma duk suna nan. Da ya samu numfashi ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce wa kawun, "Zauna. Jan babur ɗin ga, Labbo ya saye shi a hannun ɗan ƙanena, ta ƙofar gidana aka tura shi zuwa Najeriya. Tun ranar da yaron ga ya fara zuwa na san na aro ne. Hadiza ma ta sani, ita ta gaya wa uwarta. Gona kuwa, wa ke noma a bakin kogi ruwa bai taɓa ci mai ba? Na aika bincike ne in ji irin bakin gidan." Ya nuna ni ina kwance. "To na ji. Gidan da babbansu bai iya mutuwa da ƙaryar babur, na ba su ɗiyata. A tashe shi ya nema, in ya gama abin da ya fi matsa mai."

Aka ba ni buta. Na ratsa taron nan da babbar riga, buta a hannu, kowa ya san inda za ni, har ana buɗe mini hanya. Wannan tafiya ba ta fi taku talatin ba, amma ta fi mini daga Bagudo zuwa Kamba nisa. Da na dawo, Goggo Saratu ta sa na sha ruwa kofi biyu da fura rabin ƙwarya, sannan na ce ina nema wa ƙanena aure, aka ba ni, na ce na karɓa. Aka shafa fatiha. Kafin la'asar zuciyata ta sauko tamanin da takwas.

Da za mu tafi Goggo ta ja ni gefe, wannan karon ta tabbatar ba makirfo. Ta ce kada dariyar ta sa in yi sake. Tunda mahaifina da ciwon zuciya ya rasu, in je asibiti a duba ni. Kuma duk ranar da zuciya ta kama gudu ina zaune ban sha komi ba, ko tana tsallake bugu, ko ta zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko kumburin ƙafa, to in nufi asibiti kai tsaye, kada in tsaya neman gafarar kowa. Na je. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana layi a takarda, likita ya ce zuciyar lafiya take, sai dai jinina ya fara hawa. Ya sa na rage gishiri da goro, ya ba ni ranar dawowa. Ya ce gara da na zo da wuri. (Na so in ce masa ataya tara ce ta kawo ni, na ga ba sai kowa ya sani ba. Ashe ma'aikaciyar da ta auna ni tana wurin bikin.)

Sahabi ya yi wata guda ba ya gaishe ni. Yanzu ya huce, har ya sayi babur nasa, baƙi, kuma ranar da ya saya ya kawo mini takardun ya ce in karanta da kyau, ko za a sake ba ni lasifika. Malam Umaru kuma ya dawo ya ce ya yi tunani, yafewar da ya yi ta mai mutuwa ce, tunda ban mutu ba sai in ɗinka masa hula. Rabi ta naɗe zanen gadon nan ta ɓoye, don mata sun fara zuwa suna neman ƙyallensu a jiki.

Abin da na koya bai da yawa. In likita yana magana a rediyo, a bari ya kai ƙarshe. In zuciya ta kama gudu, kafin mutum ya tara jama'a ya tambayi kansa abin da ya zuba wa cikinsa. Har gobe ina nan a kan niyyata ta neman gafara irin ta Baba in lokaci ya yi. Sai dai na roƙi Rabi, in ranar ta zo, ta fara ba ni ruwa da fura, ta jira awa guda, sannan ta duba ko akwai abin da ke kunne.